Tsofaffin Kalmomin Ingilishi da Sauyin Ma'anarsu

1.0 Gabatarwa

Masana ilimin ma'ana sun yi ittifaƙi a kan cewa kalma ba ta dawwama a kan ma'ana guda. Wata takan tsufa a daina amfani da ita, wata kuwa takan ci gaba da rayuwa amma da sabuwar ma'ana. A wannan darasi za a dubi misalai daga Ingilishi, domin malamin Hausa ba ya rabuwa da aikin fassara, kuma wanda ya fassara tsohon rubutu da ma'anar yau zai ɓatar da ɗalibansa.

2.0 Ƙuntatar Ma'ana

Wannan na faruwa idan kalma mai faɗi ta koma tana nufin abu ɗaya tak. A tsohon Ingilishi, "meat" na nufin kowane irin abinci, amma yau nama kawai take nufi. "Deer" kowace dabba ce, kafin ta tsaya a kan dangin barewa. Haka nan "girl" yaro ne ko yarinya, "starve" kuwa mutuwa ce ta kowace hanya, ba ta yunwa kaɗai ba. Kishiyar wannan ita ce faɗaɗar ma'ana, kamar yadda "jirgi" a Hausa ya tashi daga na ruwa ya haɗa da na ƙasa da na sama.

3.0 Sauyin Daraja

Kalma kan faɗi daga yabo zuwa zagi, ko ta hau daga zagi zuwa yabo. Asalin "silly" shi ne mai albarka, yau kuwa wawa ake nufi da ita. Ita kuma "nice" ta samo tushe daga kalmar Latin mai nufin jahili, ta shiga Ingilishi da ma'anar wawa, sannan a hankali ta zama ta yabo.

4.0 Kalmomin da Aka Daina Amfani da Su

A wasannin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, ana cin karo da "thou" da "ye". Ta farko daidai take da "kai" ko "ke", ta biyu kuwa "ku". Da yake jam'i ake yi wa babba don girmamawa, sai "you" ta mamaye duka biyun. Akwai kuma "wherefore", wadda ɗalibai kan ɗauka tambayar wuri ce, alhali ma'anarta "don me".

5.0 Waɗanda Hausa ta Adana

Ingila ta sauya tsarin kuɗinta a 1971, Nijeriya kuma ta koma naira da kwabo a 1973. Da haka "shilling" da "sixpence" suka fita daga cinikin yau da kullum a ƙasashen biyu. Amma Hausa ta riga ta are su a matsayin "sule" da "sisi", kamar yadda ta ari "fam" daga "pound" da "kwabo" daga "copper". A tsohon tsarin kuɗin, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Har yau Bahaushe kan ce ba shi da ko sisi, ko da bai taɓa riƙe sisin a hannunsa ba.

6.0 Kammalawa

Kafin malami ya bayar da ma'anar tsohuwar kalma, ya fara sanin zamanin da aka yi rubutun, sannan ya dubi muhallin da ta fito. Daga nan ya nemi ƙamus mai bin tarihin kalma, irin babban ƙamus na Oxford da aka kammala bugunsa na farko a 1928. A ɓangaren Hausa kuwa, ƙamus na Bargery na 1934 zai nuna masa ma'anonin wancan lokaci.

7.0 Auna Fahimta

1. Bambanta ƙuntatar ma'ana da faɗaɗarta, tare da misalai bibbiyu.
2. Kawo kalmomin Hausa biyar da kakanninka ke amfani da su waɗanda matasa ba su sani ba, ka bayyana ma'anarsu.