Jinin Yariko da Jinin Shekem

Ya kai sabon mai bi, wani mai neman sani ya zo wurina nan Muciya da Littafin Joshuwa a hannunsa, ya ce, "Malam, ashe da umarnin Allah aka hallaka mutanen Yariko, har da yara? To, me ya hana mu yi haka ga maƙiyanmu?"

Ban ɓoye masa ba, ba kuwa zan ɓoye maka ba: sura ta 6 tana da nauyi, ni kaina ban taɓa karanta ta da sanyin rai ba. Amma ka lura. Hukuncin nan ba a yi shi da garaje ba, gama tun zamanin Ibrahim Ubangiji ya nuna zai jinkirta wa mutanen ƙasar har tsara huɗu. Rahab kuwa da gidanta duka suka tsira. Mai ba da rai ne ya yanke shari'ar, a kan wuri ɗaya, a zamani ɗaya. Bai bar mana ita gado ba.

Yanzu ka buɗe Farawa sura ta 34. An ɓata Dinatu, 'yar Yakubu. Laifin kuwa na gaske ne. Sai 'yan'uwanta Saminu da Lawi suka yaudari mutanen Shekem da zancen kaciya, a rana ta uku, sa'anda suke cikin ciwo, suka karkashe mazan garin duka. Mutum ɗaya ya yi laifi, gari ya biya. Ba wanda ya aike su sai fushinsu, Yakubu kuwa ya la'anci fushin nan a bakin mutuwarsa.

Mu mutanen Zariya mun san wannan hanya. Ran Lahadi 17 ga Yuni 2012, aka tayar da bom a majami'ar Katolika ta Sabon Gari da ta ECWA a Wusasa, masu sujada suka mutu. A ranan nan waɗansu samari masu amsa sunan Almasihu suka tare hanya a Gonin Gora, bayan Kaduna, suka kashe matafiya Musulmi waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mai bom ya ce aikin Allah yake yi. Masu tare hanya suka ce ramuwa ce. Dukansu 'ya'yan Saminu da Lawi ne, ba na Joshuwa ba.

Ran da za a zo ƙofarka a ce ka fito da adda, ka tuna da Luka sura ta 9. Wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, Yakubu da Yahaya suka so su kira wuta daga sama. Ya juya ya tsauta musu, suka wuce wani ƙauye.