Sifar Ingilishi "Nice": Asalinta da Sauyin Ma'anarta

Daga cikin sifofin Ingilishi, da wuya a sami wadda ta kai "nice" yawan fitowa a bakin jama'a. Akan sifanta mutum da ita, a sifanta abinci da tufa, har da yanayin gari. Don haka mai fassara zuwa Hausa ba shi da kalma guda da zai ajiye mata: in mutum ne sai ya ce mai kirki, in abinci ne mai daɗi, in riga ce mai kyau.

Sai dai fa asalin kalmar ba yabo ba ne. Tushenta shi ne "nescius" na Latin, wato wanda bai sani ba, daga "ne" mai korewa da aikatau "scire", sani. Daga wannan aikatau ɗin ne "science" ta samo asali, ke nan jahilci da kimiyya 'yan ɗaki ɗaya ne a nan. Kalmar ta biyo ta tsohon Faransanci, ta shiga Ingilishi wajen shekarar 1300 da ma'anar wawa ko sakarai.

Daga nan ta yi ta sauya kama. Ta koma nufin mutum mai tsirfa, wanda ba kowane abu ke gamsar da shi ba. A ƙarni na 16 kuma ta ɗauki ma'anar abu mai bukatar lura da natsuwa, wadda har yau ɓurɓushinta na nan a "nice distinction", wato bambanci siriri wanda sai mai zurfin nazari ke gane shi. Ma'anar daɗi ba ta kankama ba sai a ƙarni na 18, kuma ba kowa ya yi na'am da ita ba. A littafin Jane Austen, Northanger Abbey, wanda ya fito a 1817, Henry Tilney ya yi wa Catherine Morland ba'a saboda ta yabi wani littafi da kalmar, yana ganin an mai da ita jakar magori.

Inda haɗarin yake shi ne fassarar tsofaffin rubuce-rubuce. Kusa da ƙarshen wasan Shakespeare na Romeo da Juliet, limamin kiristan nan Laurence ya kore wannan sifa daga wasiƙar da ba ta isa hannun Romeo ba. Ɗalibin da ya fassara wurin da cewa wasiƙar ba ta da daɗi ya yi kure. Abin da limamin ke nufi shi ne wasiƙar ba ta wasa ba ce, magana ce mai nauyi a cikinta, kuma rashin isarta ne ya jawo mutuwar masoyan biyu.