Kalmomin Ciwo Tsakanin Majinyaci da Likita

A Nijar da Faransanci ake koyar da ilimin likitanci, a Yamai da Maraɗi da Damagaram, alhali galibin majinyata da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamajak ko Barbarci suke bayyana abin da ke damunsu. Tun daga 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa, amma takardar magani da bayanan asibiti da Faransanci ake rubuta su. Ko da likita Bahaushe ne, da harshe ɗaya yake sauraro, da wani kuma yake tunanin aikinsa. A nan ne nazarin ma'ana yake da abin cewa.

Matsala ta farko ita ce faɗin ma'ana. Kalmar "ciki" tana nufin tumbi da hanji, tana nufin mahaifa, tana kuma nufin juna biyu. Idan mace ta ce "cikina ke ciwo", ba ta riga ta ware ɗaya ba. Haka "shawara": alama ce ta rawayar ido, wadda ciwon hanta ke kawowa, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma yana kawo ta. Wanda ya fassara ta da sunan cuta guda ya yanke hukunci kafin gwaji.

Ta biyu ita ce sakaya zance. "Sanyi" na iya zama ciwon gaɓoɓi, na iya zama cutar da ake ɗauka ta saduwa, wadda kunya ke hana a ambace ta kai tsaye. Kunyar tana ƙaruwa idan ɗan rakiya ne ke tafinta. Uwa ba za ta bayyana matsalar al'aura ta bakin ɗanta ba, balle ta bakin surukinta. Sai ta rage magana, likita ya ba da maganin abin da ya ji kawai.

Saboda haka jin harshe bai wadatar ba, sai an bi kowace kalma da tambaya: ina ne wurin, tun yaushe, yaya yake yi? Aikin ɗaliban kimiyyar harshe shi ne tattara waɗannan kalmomi daga bakin masu su, a Adaranci da Gobiranci da Damagaranci, tare da muhallin da ake faɗinsu, don ma'aikatan lafiya su sami abin dogaro a ɗakin duba marasa lafiya.