Komawa Tafiya da Hawa Bayan Ciwon Zuciya

Idan mutum ya tashi daga ciwon zuciya, iyalinsa sukan tsare shi a kan tabarma: "Sannu Baba, zauna, kada ka motsa." Ƙauna ce, amma tana da illa. Zuciya tsoka ce, in aka bar ta babu aiki sai rauninta ya ƙaru. Da zarar likita ya ba da izini, sai a mayar da ita bakin aiki sannu a hankali.

Wagadugu shimfiɗaɗɗen gari ne, wannan kuwa sa'a ce ga mai murmurewa. Ku fara da minti 5 zuwa 10 a fili, sau biyu a yini. Bayan kowane 'yan kwanaki ku ƙara kaɗan, har ku kai rabin awa cikin mako 4 zuwa 6. Inuwar itatuwan Bangr-Weogo ta dace da wannan. Ku fita da sassafe ko bayan la'asar, musamman a Maris da Afrilu da zafi kan wuce digiri 40, kuma kada ku fita nan take bayan cin tuwo.

Ma'aunin yana bakinku. In kuna tafiya kuna iya gaisawa da abokin hanya har ku tambayi lafiyar gida, to daidai ne. In numfashi ya hana ku ƙarasa gaisuwar, kun wuce gona da iri. Ƙirga bugun jijiya kan ruɗi mutum, domin wasu magungunan zuciya suna rage shi da gangan.

Hawa shi ne na ƙarshe, domin yana neman jini da iska fiye da tafiya a fili. Matakalar bene ce tudunku na farko: hawa ɗaya, a huta, a sauko. Sai wanda ya iya hawa biyu ba tare da nauyin ƙirji ko haki ba zai yi tunanin tudu na gaske, kamar Dutsen Dala ga masu fataucin Kano, shi ma tare da rakiya da ruwan sha. Hawa da kaya a ka ya fi hawan tudu haɗari, ga ɗan kasuwa kuwa nan ne jarabawar. Wanda aka yi wa tiyatar buɗe ƙirji kada ya ɗaga fiye da kilo 5 sai ƙashin ya haɗe, abin da kan ɗauki mako 6 zuwa 8. A bar wa yaran shago dila.

In ƙirji ya ɗaure, ko ciwo ya bi hannu ko muƙamuƙi, ko jiri da zufa mai sanyi suka zo, a tsaya a zauna. Mai maganin sakawa ƙarƙashin harshe ya sa. Bai lafa cikin minti 5 ba, a kira lamba 18 ko a garzaya asibitin Yalgado Ouédraogo, kuma kada mai ciwon ya tuƙa babur da kansa.