Jigon Tsoro da Zaɓi a Ƙagaggen Labarin Born on a Tuesday na Elnathan John

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda Elnathan John ya sarrafa jigon tsoro a cikin labarinsa. An bi taurari uku domin fito da irin zaɓin da kowannensu ya yi a lokacin tarzomar siyasa da ta addini. Nazarin ya gano cewa ragwantaka ta bayyana ta fuska biyu: bin taro ido rufe, da kuma shirun wanda ya san gaskiya.

1.0 Gabatarwa

Kamfanin Cassava Republic ne ya buga littafin da Ingilishi a 2015. Marubucin haifaffen Kaduna ne, jihar da ta ɗanɗana rikicin Kafanchan na 1987, da na Shari'a na 2000 a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, da tarzomar bayan zaɓen 2011. Don haka mai karatu daga Kurmin Kogi ko Ikara ko Kudan ba zai ji labarin a matsayin baƙon abu ba, musamman da yake tauraronsa, Ɗantala, almajiri ne irin waɗanda ake gani a tsangayoyin karkara. Sunan littafin ma fassarar sunansa ce, wato wanda aka haifa ranar Talata.

2.0 Jarumtar Taro

Labarin ya buɗe a 2003 a Bayan Layi, inda Ɗantala ya sauke karatu amma ya zarce gindin kuka wajen yaran Banda. Da jam'iyyar da ta ɗauke su haya ta faɗi zaɓe, sai suka ƙona ofishin abokiyar hamayyarta, aka kuma zubar da jini da hannun Ɗantala a ciki. A idon abokansa wannan bajinta ce. Sai dai marubucin ya nuna yaron ba ya da wata aƙidar siyasa. Yunwa ce ke tura shi, da kuma gudun kada a kira shi matsoraci. Da harsashin 'yan sanda ya kayar da Banda, taron ya watse, jarumtar ta bi shi, Ɗantala ya tsere zuwa Sakkwato.

3.0 Shirun Mai Sani

A Sakkwato Sheikh Jamal ya karɓe shi, ya zame masa uba. A nan tsoro ya sake kama. Ɗantala ya ga mataimakin Sheikh, Malam Abdul-Nur, yana taɓa kuɗin akwatin masallaci, ya kuma san irin dukan da yake yi wa ƙaninsa Jibril, amma ya kame bakinsa. Ana iya yi masa uzuri da ƙuruciya, domin wanda ke cin tuwon wani ba ya saurin ɗaga murya.

Uzurin Sheikh Jamal ya fi wuyar samu. Malami ne mai sassauci da son ilimi, wanda bai yarda a ɗauki fansa a kan 'yan Shi'a ba ko da bayan an harbe shi. Duk da haka ya daɗe yana riƙe da Abdul-Nur a jikinsa, yana amfana da zafinsa, har mutumin ya yi ƙarfin da ya ɓalle ya kafa ƙungiyar masu ɗaukar makami. Hausawa kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lokacin da Sheikh ya fito fili ya ƙalubalance shi, iccen ya riga ya bushe, kuma jinkirin ya ci ransa.

4.0 Kammalawa

Da sojoji suka shigo, ba su bambance mai laifi da marar laifi ba. Ɗantala, wanda bai bi Abdul-Nur ba, ya sha azaba a tsare. Ashe shirun da ya zaci garkuwa ce bai kare shi ba. Tambayar da littafin ya bar wa malamai da iyaye da 'yan siyasa ita ce: a wane mataki ne haƙuri da mugu ke komawa taya shi ɓarna? Amsarta ta fi amfani kafin a buga gangar zaɓe.