Darasin Wannan Wata: Idan Adaftar Rediyo Ta Daina Aiki

Jama'ar Gangara, da rediyo muke jin labarin hanya, da farashin hatsi, da sanarwar gwamnati daga Rima Rediyo ta Sakkwato. Batir kuwa ya yi tsada. Shi ya sa masu janareta, da 'yan'uwanmu na Sabon Birni da Isa masu wutar NEPA, suke amfani da adafta. An canza sunan NEPA tun 2005, amma bakinmu ya saba.

Adafta wani ɗan akwati ne baƙi mai nauyi. A cikinsa akwai ƙaramar taransifoma, irin wadda ke kaɗa ƙararrawar ƙofa a gidajen birni. Wayar jan ƙarfe ce aka naɗa a jikin ƙarfe, naɗi biyu. Wuta tana shiga naɗin farko da ƙarfin bolt 230. Tana fita ta na biyu da ƙarfi kaɗan, kamar bolt 6. Kowane babban batir bolt ɗaya da rabi ne. Ke nan rediyo mai batir 4 bolt 6 yake sha.

To, rediyo ya yi shiru. Kada ka yi saurin jefar da adafta. Da yawa an sayi sabuwa, alhali laifin waya ne.

Fara cire adaftar, ka sa batir. Idan rediyo ya yi magana, lafiyarsa lau. Sai ka gwada soket da wani abu, kamar cajar waya, ka ga ko akwai wuta.

Yanzu cire adafta daga soket, ka bi siririyar wayarta da yatsu. Wurin da ta fi tsinkewa shi ne gindin akwatin, da kusa da kan da ke shiga rediyo. Nan take yawan lanƙwashewa. Ɓera ma yana cinta. Wannan gyara kana iya yi da kanka. Yanke wurin, ka fere, ka haɗa kowace waya da 'yar'uwarta, ka naɗe su daban-daban da salatif na wuta. Kada ka juya su. Ɗaya mai alamar + ce, ɗaya mai alamar -. Juyawa na iya kashe rediyo.

Wasu adaftoci suna da maɓalli mai lambobi: 3, 6, 9, 12. Yara kan murɗa shi. Duba lambar da ke bayan rediyonka kusa da harafin V, ka daidaita.

Idan duk wannan bai yi ba, ka jona ta minti 10, ka taɓa bayanta. Ɗan ɗumi daidai ne. Idan sanyi ƙalau take, mai yiwuwa naɗin ciki ya tsinke. Idan ta yi zafi sosai, tana warin ƙuna, cire ta nan take. Irin wannan na iya tayar da gobara, balle a ɗakin ciyawa. Kada ka fasa akwatin. Wutar ɓangaren soket tana kisa. Kai ta wurin mai gyaran rediyo ya auna da mita.

Masu janareta, ku bari ya tashi ya daidaita kafin ku jona.

Tambayoyi:
1. Rediyo mai batir 6, bolt nawa yake sha?
2. Ina wayar adafta ta fi tsinkewa?