Zuwa Ga Ɗana Mai Neman Turakun Awo

Ɗana, hoton da ka aiko wa mahaifiyarka daga Ingila ya iso hannuna. Ga ka a kan tudu, iska na kaɗa rigarka, ka dafa wani ginshiƙin siminti da bai kai ƙirjinka ba. Ita damuwarta kada a ce an tura ka karatu ka ɓuge da hawan duwatsu. Ni kuwa da na gani sai raina ya yi fari, domin shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin safiyo, kuma a daji irin waɗannan turaku su ne abokan zamanmu. Na ce ta kwantar da hankalinta, yawo ne mai tsabta. Amma tunda ka sa ƙafa, zauna ka ji.

Wancan abin da ka dafa ɗaya ne daga cikin kimanin 6,500 da hukumar taswirar Birtaniya, Ordnance Survey, ta gina. A ranar 18 ga Afrilu 1936 aka fara awo a kan na farko, a Cold Ashby, kuma aikin bai kammala ba sai 1962. Wani hafsan soja, Martin Hotine, shi ya tsara siffarsa, faɗi a ƙasa, tsukewa a sama. Duba kansa da kyau, za ka ga farantin tagulla mai tsaga uku. Nan ƙafafun madubin awo suke zama, ba motsi. An zaɓi kowane wuri ne yadda in gari ya yi garau mai awo zai hango aƙalla wasu turaku biyu, ya auna kusurwar da ke tsakaninsu, alwatika na bin alwatika har aka rufe ƙasar baki ɗaya. Sau da yawa da dare suke awon, da fitilu. Siminti da yashi kuwa, a wurare da dama a baya aka hau da su.

Don haka in ka isa, kada ka ɗauki hoto ka juya. Tsaya inda mai awo ya tsaya, ka buɗe taswira, ka nemi ƙaramar alwatikar nan shuɗiya mai ɗigo a tsakiya, sannan ka ɗaga kai ka lalubo tudun da ke ɗauke da ta gaba. Ranar da ka hango ta da idonka, ranar ka fara gane abin da kake nema. Na ji wasu can suna tseren yawan turakun da suka taka. Ban hana ba, amma guda goma da ka fahimta sun fi mini ɗari da ka shafa ka wuce.

Sai kuma rarrabewa. A jikin tsofaffin majami'u da gadoji za ka riƙa ganin layi a kwance an sassaƙa a dutse, da kan kibiya a ƙarƙashinsa. Wannan alamar tsayi ce kawai, tana nuna tazarar wurin daga matsakaicin ruwan teku, wanda aka auna a Newlyn daga 1915 zuwa 1921. Shi ginshiƙin kan tudu, babban aikinsa nuna matsayin wuri ne a doron ƙasa. A gefensa, can ƙasa kusa da ciyawa, akwai ɗan allon ƙarfe mai lamba. Wannan lambar ita ce sunansa. Durƙusa ka share ta da tsohon buroshi, ka karanta sau biyu, ka gwada da abin da ke cikin rajistar turakun.

Ina nanata wannan ne saboda abin da ya taɓa samuna ina sabon shiga. An aike ni neman wani turke a bayan gari, rana ta take, ƙishirwa ta dame ni. Na ga kan siminti ya leƙo daga gindin sabara daidai inda nake zato, sai na rubuta cewa na samu, ban tona na ga lamba ba. Ashe guntun ginin wata tsohuwar rijiya ne. Turken gaskiya yana can taku ashirin gaba, yashi ya binne shi. Awon kwana uku ya tashi a banza, mutum shida suka sake shan rana saboda layi ɗaya da na rubuta. Maigidana a wurin aiki bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, da na rubuta "ban samu ba", da wani ya koma ya nema, amma tunda na rubuta "na samu" na rufe wa kowa ƙofar nema. Har yau ina jin nauyin maganar. Kai ma masu wannan sha'awa za su dogara da abin da ka rubuta, wani zai yi tafiyar sa'o'i a kan maganarka. In turken ya fashe, ka ce ya fashe. In ka duba ba ka gani ba, ka faɗi haka, ka sa kwanan wata.

Da yawan turakun nan a gonakin mutane suke. Ka yi sallama, ka nemi izini, ka rufe ƙyauren da ka buɗe saboda tumaki. In an ce a'a, ka yi godiya ka juya. Kada ka ɓamɓari komai, ko da an ce maka tauraron ɗan'adam ya karɓe aikin yawancinsu. In hazo ya sauko kuma, gangara, turken ba inda za shi.

Mu ma nan muna da namu. Taswirorin Nijeriya na da duk a kan turke guda suka dogara, L40, kusa da Minna. Iyakarmu da Nijar kuwa, tsakanin 1906 da 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi ta da alamomi 148, daga Kogin Kwara zuwa Tafkin Chadi, suka ratsa ƙasar Katsina da ta Daura, 'yan'uwa na nan 'yan'uwa na can. In Allah ya dawo da kai lafiya, zan fito maka da tsohon littafin awona mu duba tare. Kafin nan, a hoto na gaba ka matso da kyamara kusa da allon, ina son in karanta lambar da kaina. Ka gaida abokan tafiyarka.